RA'AYINMU: Baƙin Kaka Sun Sauka, Amma Littafin Rajistarsu Ba Ya Hannun Gwamnati

Daga tsakiyar watan Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da manoman Arewa ke yankan gero da tumbuke gyaɗa, ma'aikatu a Abuja kuma ke kokawa da daftarin kasafin kuɗin baɗi, akwai wasu baƙi da ke kwararowa cikin ƙasar nan ta sama, ba fasfo, ba biza, ba jami'in shige da fice da ya isa ya tsayar da su. Tsuntsaye ne da suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe a Turai da yammacin Asiya, waɗanda sanyin can ya koro, suka keto Tekun Bahar Rum da hamadar Sahara domin su yi hunturu a wajenmu. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kaɗai da ke yin wannan tafiya zuwa Afirka kudu da Sahara duk shekara sun haura biliyan 2, ban da agwagin ruwa da manyan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Wasu daga cikinsu nauyinsu bai kai na ƙwan kaza ba, kuma suna iya kwana biyu suna ƙetare rairayi ba tare da sun sa ɗigon ruwa a baki ba. Wuraren da suka fara tarar da ruwa da ciyawa bayan wannan wahala su ne tafkin Chadi da dausayin Haɗeja zuwa Nguru da fadamun Sakkwato da Rima.

Tambayar da wannan jarida ke yi ita ce: wa ke rubuta zuwansu? Amsar ba za ta yi wa mai karatu da ke zaune a sakatariyar tarayya daɗi ba. Mafi yawan abin da Najeriya ta sani a yau game da inda tsuntsayenta suke, da lokacin da baƙin ke sauka, da waɗanda suka daina zuwa, ya fito ne daga hannun 'yan sa-kai: ɗalibai, malaman makaranta, likitocin dabbobi, 'yan hidimar ƙasa, da ma'aikatan gwamnati da ke amfani da Asabar ɗinsu. Suna fita da asuba da tabaron hangen nesa da wayar salula, galibi da kuɗin motar da suka cire daga aljihunsu, su tsaya bakin tafkin Jabi ko madatsar ruwa ta Usuma, ko dajin Amurum da ke kusa da Jos, ko gaɓar tafkin Nguru, su rubuta abin da suka gani, sannan su sanar da junansu.

Aikin nasu yana da tsari. Tun daga 2015 ake gudanar da shirin zana taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos. An yanka ƙasar nan gida-gida a kan taswira, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, gidajen kuma sun haura 11,000. Ɗan sa-kai zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana zagawa, ya rubuta kowane nau'in tsuntsu da ya gani ko ya ji kukansa, ya tura ta manhajar BirdLasser. Wasu kuma suna zuba nasu a eBird, rumbun da wata cibiya a Jami'ar Cornell ta Amurka ke kula da shi tun 2002. Idan wani ya ce ya ga tsuntsun da ba a saba gani a yankin ba, ba a karɓar maganarsa haka kawai. Sai an tambaye shi hoto, da rana, da wuri, da siffar baki da launin ƙafa, a yi ta muhawara har a gamsu ko a ajiye batun. Wanda ya saba da yadda wasu alƙaluman hukuma ke fitowa daga ɗakin taro ba tare da kowa ya taka filin ba, zai ga cewa akwai abin koyi a wannan tsantseni.

A lokacin kaka ne wannan musayar labari ta fi zafi, domin lokacin ne ake ganin abin mamaki. Iska kan kauce da tsuntsu daga hanyarsa ya faɗo inda ba a taɓa ganin irinsa ba. Ɗan tsakon da ke tafiyarsa ta farko kan ɓata. Wani lokaci kuma a tsinci tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa mai ɗauke da lamba da sunan wani gari a Turai. Mai kallon tsuntsaye yana murna da irin wannan gani kamar yadda mai tara tsofaffin kuɗi ke murna da ahu ko sisin kwabo, kuma ba mu ga laifin murnar ba. Sai dai ga mai tsara manufa, baƙon tsuntsu guda bai kai darajar jerin sunayen da aka rubuta tare da shi ba. Wanda ya fita neman abin da ba a saba gani ba, dole ya rubuta belbela da zalɓe da kirinjijiya da ya tarar a hanya, kuma wannan jeri, idan aka maimaita shi shekara bayan shekara a wuri ɗaya, shi ne ke nuna ko dausayi yana raye ko yana mutuwa.

Mun san abin da za a ce. Ƙasar da ke fama da tsadar abinci da garkuwa da mutane da bashin da ya kai wuya, ina ita ina ƙidayar tsuntsaye? Wanda bai ci ya ƙoshi ba ba ya ɗaga kai ya kalli sama. Magana ce mai nauyi, kuma ba za mu amsa ta da cewa tsuntsaye suna da kyau ba. Za mu amsa ta da abin da ya faru a 1969.

A bazarar wannan shekara, 'yan sa-kai masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ke cika shingayen gonakinsu, bai dawo daga Afirka kamar yadda ya saba ba. Kimanin kashi uku cikin huɗu sun ɓace a hunturu guda. Aka duba cuta, aka duba maganin ƙwari, ba a sami dalili a Turai ba. Da aka bi sawu sai aka gano cewa tsuntsun yana yin hunturu ne a yankin Sahel, kuma damina ta gaza a can a 1968. Wato littafin wasu masu sha'awa a ƙauyukan Ingila ya ɗauki alamar farin Sahel shekaru kafin duniya ta farga da yunwar 1972 zuwa 1974, wadda ta karkashe dabbobi ta tarwatsa garuruwa daga Mali har Borno, wadda kuma dattawanmu har yau ke ba da labarinta. Ba muna cewa da an saurari tsuntsu da an hana fari ba. Muna cewa ne halittar da rayuwarta ta rataya a kan ruwa da ƙwari da 'ya'yan itatuwan Sahel ma'auni ce, kuma abin kunya ne a ce ana karanta ma'aunin ƙasarmu a Landan alhali mu da muke zaune a kansa ba mu duba.

Ba ma sai an je Ingila ba. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tsuntsu agogo ne. Idan shamuwa ta sauka a kan rimi ko tsamiyar gari, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi, shi ya sa ba a taɓa ta, ba a jifar sheƙarta. Ita shamuwa a cikin Afirka take kai da komo, tana bin damina, kuma a daidai lokacin da take haramar komawa kudu ne 'yar'uwarta fara ta Turai ke shigowa. Su Turawan ma sun daɗe cikin duhu game da inda tsuntsayensu ke tafiya. Akwai masanansu da suka yi imani cewa tsattsewa na nutsewa cikin laka ne ta yi barci har sanyi ya wuce. Sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da wani dogon mashi na Afirka soke a wuyanta, ta taho da shi tun daga nan. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Sanya wa tsuntsaye zobe domin bincike kuwa wani malamin makaranta ne a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara shi a 1899. Shi ma ɗan sa-kai ne, ba ma'aikacin wata hukuma ba.

Inda maganar ta fi shafar aljihun talaka shi ne dausayin Haɗeja zuwa Nguru, wanda ya ratsa jihohin Jigawa da Yobe ya taɓa Bauchi. A nan kogunan Haɗeja da Jama'are ke bazuwa cikin tuddan rairayi kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe mai gangarawa tafkin Chadi. Wannan malala ta shekara-shekara ita ce ke ciyar da masunta da manoman shinkafa da masu noman rani da makiyaya, kuma ita ce ke karɓar dubban ɗaruruwan tsuntsayen ruwa daga Turai. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta sa a jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000; Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Dagona ɗin nan, wadda ke cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, ita ce Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989 domin ganin tsuntsayenta.

Amma ruwan da ke isa wannan dausayi yanzu ba damina kaɗai ke yanke hukunci a kansa ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ƙofar ruwan tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wato hannun Gwamnatin Tarayya. Madatsun sun kawo noman rani a Kura da Kadawa da Auyo, sun shayar da birnin Kano, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan. Sai dai sun sauya ɗabi'ar kogin. A da ruwa kan zo da ƙarfi a damina ya share hanyoyinsa, ya janye da rani ƙasa ta bushe. Yanzu yana tafiya kaɗan-kaɗan duk shekara a wasu mashigai, abin da ya ba ciyawar kacala damar kafuwa ta toshe hanyoyin ruwa. Sakamakon shi ne wani gari na nutsewa, wani kuma na kusa da shi yana kallon busasshiyar fadama. Masunci ya rasa inda zai jefa taru, jirgin kwale-kwale ya rasa hanya, kacalar kuma ta zama masaukin jan-baki, tsuntsun da ke iya cinye gonar shinkafa ko gero a yini guda. Nazarin da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa kowace mudun ruwa da aka bari ta malala a dausayin tana samar da amfani, ta fuskar kifi da noma da itace, fiye da wadda aka karkatar zuwa manyan ayyukan ban-ruwa na sama. Shekaru sun shuɗe, ana ta taro a kan tsarin sakin ruwa, ana kuma ta tayar da batun madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne reshen da ya rage ba a datse ba.

A nan ne littafin mai kallon tsuntsaye ke shigowa. Tsuntsayen bakin ruwa suna buƙatar laka da ruwa marar zurfi. Agwagi suna buƙatar buɗaɗɗen tafki. Jan-baki yana son duhuwar kacala. Idan jerin sunayen wani gefe na dausayin ya nuna na farko suna raguwa na ƙarshe yana ƙaruwa, ba sai an aiko ƙwararre daga waje an biya shi da dala kafin a san abin da ke faruwa da ruwan ba. Jami'in da ke rubuta wa minista shawara a kan jadawalin sakin ruwa daga Tiga yana da shaida kyauta da zai dogara da ita, in ya san tana nan.

Haka batun feshin jan-baki. Kusan kowace shekara Ma'aikatar Noma ta Tarayya da gwamnatocin jihohin Kebbi, Sakkwato, Jigawa, Yobe da Borno kan ɗauki hayar jiragen sama su yi feshi a matattarar waɗannan tsuntsaye. Manomi yana da gaskiya idan ya nemi a cece shi. Amma guba ba ta tambayar sunan tsuntsu, kuma lokacin feshin yakan zo kusa da lokacin da baƙin kaka ke sauka a wuraren. Waɗanda suka san takamaiman inda jan-baki ke kwana, da inda sauran tsuntsaye suka taru, za su iya taimakawa a rage ɓarnar magani da ta kuɗi. Ba mu ga dalilin da zai hana a zauna da su kafin jirgi ya tashi ba.

Akwai wani tsuntsu da ya kamata ya sa kowane ma'aikacin tarayya ya sunkuyar da kai. Gauraka, mai kambin zinariya a ka, ita ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya. A da garkunanta na yawo a fadamun Arewa, sarakuna da attajirai na kiwonta a gidajensu. Kamu domin sayarwa da lalacewar fadama sun kai ta gaɓar ƙarewa a dajin ƙasar nan, har ta kai ga cewa ganin gauraka a sake a yau labari ne da masu kallon tsuntsaye ke yi wa juna albishir da shi. Tsuntsuwar ƙasa ta koma cikin jerin baƙin gani a ƙasarta.

Sauran fannonin ba sa buƙatar dogon bayani. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa, gwamnati ta biya diyya, cutar kuma ta sake dawowa a 2015 da bayan nan. Fataucin kaji da sakaci a gonaki suna da babban kaso a yaɗuwarta, kuma zalunci ne a ɗora wa tsuntsayen daji laifin duka. Duk da haka, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom za ta amfana da idanun da ke bakin ruwa kowane mako, waɗanda za su fara ganin mushen agwagi kafin cutar ta isa kejin kowa. Kamfanonin jiragen sama kuma ba su daina kokawa da karon da jiragensu ke yi da tsuntsaye a filayenmu ba, asarar inji da jinkirin tafiya da mai karatu da kansa ya sha zama a filin jirgin Nnamdi Azikiwe saboda su. Hukumar kula da filayen jiragen sama tana da sashen korar tsuntsaye. Sanin wane nau'i ne ke wucewa, a wane mako, a wane tsayi, shi ne rabin aikin.

Sai dai wannan jarida ba za ta yi wa masu kallon tsuntsaye kirari kawai ta wuce ba, domin a cikin al'adarsu ta yaɗa labarin abin da suka gani akwai haɗari na gaske. Najeriya na daga cikin manyan kasuwannin sassan jikin tsuntsaye a Afirka ta Yamma. Kan ungulu da ƙafarta da gashinta suna da farashi a rumfunan masu maganin gargajiya, kuma wannan ciniki ne ya sa ungulun da a da ke cika mahautan garuruwanmu ta zama sai an tona. Wata farar ungulu da masana suka sa wa na'urar bin sawu a ƙasar Girka, suka raɗa mata suna Paschalis, ta ƙetare Sahara lafiya, amma a 2014 wani maharbi ya kashe ta a kudancin Nijar domin a sayar a kasuwar Najeriya. Irinta kaɗan suka rage a yankin Balkan baki ɗaya. Maharbi ma yana da waya, yana kuma karanta Facebook. Wanda ya ɗora hoton gauraka ko sheƙar ungulu tare da sunan ƙauye da alamar taswira, yana iya zama ya yi wa mai tarko jagora ba da saninsa ba. Rumbun eBird ya riga ya ɗauki matakin ɓoye takamaiman wurin da aka ga nau'o'in da ake farauta. Ya kamata ƙungiyoyinmu na cikin gida su mayar da wannan doka a tsakaninsu: cikakken bayani ya tafi rumbun bincike, abin da za a watsa wa duniya kuma ya tsaya a sunan jiha. Dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa tana nan tun 1985, an kuma yi mata gyara a 2016, amma duk wanda ya zaga kasuwa ya san iyakar inda take aiki.

Haɗari na biyu a kan mutanen yake. A ƙasar da ke cikin halin tsaro irin namu, saurayi da tabaron hangen nesa da kyamara mai dogon baki a kusa da madatsar ruwa ko bayan gari abin tuhuma ne, kuma ba za a zargi soja ko ɗan banga da ya tsayar da shi ya yi tambaya ba. Matsalar ita ce ba shi da wata takarda da zai nuna wadda jami'in zai gane. Tsuntsayen kansu ba su tsira daga zargi ba: a 2013 an tsare wata shamuwa a ofishin 'yan sanda a Masar bisa zaton na'urar da masana suka ɗaura mata ta leƙen asiri ce. Abin dariya ne a labari, amma a ƙauyen da aka tsinci tsuntsu da zobe ko 'yar na'ura a baya, abin da ya fi yawa shi ne a ɗauka asiri ne ko makirci, a jefar ko a ɓoye, bayanin da ke jiki kuma ya salwanta. Sanarwa ta minti ɗaya a gidajen rediyon jihohi, da Hausa da Kanuri da Fulatanci, cewa lambar zoben ake so a karanta a aika, za ta yi aikin da taron bita na otal ba zai yi ba.

Rashin tsaro ya kuma bar manyan ramuka a taswirar. A shekarun 1960 masana na zaune a Malam Fatori, a bakin tafkin Chadi, suna kama tsuntsaye masu ƙaura suna auna nauyinsu kafin su ƙetare hamada, kuma abin da suka rubuta har yau ana amfani da shi. Yau ba mai zuwa can da littafi da alƙalami. Haka dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari da wasu sassan Neja. Duk wanda zai yi amfani da taswirar ya san cewa gidan da ba a rubuta komai a cikinsa ba, ba tsuntsaye ne babu ba, mutane ne suka kasa shiga.

Me muke nema daga masu karanta wannan shafi, waɗanda da yawansu su ne ke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu? Da farko, abin da ba mu nema: kada a kafa sabuwar hukuma, kada a naɗa kwamitin shugaban ƙasa a kan tsuntsaye, kada a sayi motoci. Abin da ya sa aikin 'yan sa-kai ke tafiya shi ne ba ya jiran a saki kuɗin kwata. Ranar da aka mayar da shi layi a kasafin kuɗi mai shugaba da ma'aji da alawus ɗin zama, ranar zai fara mutuwa.

Abin da ake buƙata ya fi haka araha. Najeriya mamba ce a yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura da ta tsuntsayen ruwa na Afirka da Turai da Asiya, kuma dukansu suna buƙatar rahoto daga Ma'aikatar Muhalli lokaci-lokaci. Ma'aikatar ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da APLORI da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, ta yadda bayanan taswirar za su zama madogara a hukumance, a kuma ambaci waɗanda suka tattara su. Dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta rahoto kafin a gina hanya ko madatsa ko rukunin gidaje. Sashen da ke tantance waɗannan rahotanni ya riƙa gwada jerin tsuntsayen da ɗan kwangila ya kawo da abin da ke cikin rumbun, domin ba sabon abu ba ne a ga rahoton da aka kwafo daga wani aikin aka sauya sunan gari. Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda aka amince a ƙara mata sababbin gandaye 10 a 2020, ciki har da dausayin Haɗeja da Falgore da Pandam, ba ta da ma'aikatan da za su ƙidaya abin da ke cikinsu. Ta buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin da aka sani, ta ba su katin shaida da jami'an tsaro za su girmama. Shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ke tallafawa a jihohin Arewa 19 da Abuja yana da farfaɗo da ƙasa da dausayi a cikin manufofinsa, kuma yana buƙatar ma'aunin da zai nuna ko kuɗin sun yi aiki. Ga ma'auni a ƙasa.

A Abuja kanta akwai aikin da ba ya buƙatar kowa ya yi tafiya. Tsarin ginin birnin ya ware filaye masu ciyayi da bakin rafuka da ba a yarda a gina ba, kuma kowa ya ga yadda ake yanka su ɗaya bayan ɗaya ana mayar da su wuraren shaƙatawa na siminti da rukunin shaguna. Waɗannan filaye su ne masaukin ƙananan baƙin da ke wucewa zuwa kudu, wasu har tsaunukan Boje a jihar Kuros Riba, inda tsattsewar Turai ke kwana da yawan da ya sa wurin ya yi suna a duniya. Su ne kuma ke shanye ruwan da in babu su yake shiga gidajen mutane a Lokogoma da Lugbe. Jami'in da ke riƙe da fayil ɗin sauya amfanin irin wannan fili yana iya neman jerin abin da aka rubuta a wurin kafin ya sa hannu.

Ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya tana zuwa sau biyu a shekara, Asabar ta biyu a watan Mayu da ta biyu a watan Oktoba, kuma mun saba ganin yadda ake raya ta da jawabi da riguna masu tambari. Wadda ta fi muhimmanci ita ce ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi a tsakiyar Janairu tun 1967, lokacin da baƙin suka gama sauka suka natsu. Ƙidayar Haɗeja zuwa Nguru tana buƙatar kwale-kwale da man fetur da rakiyar jami'an tsaro da izinin shiga gandun daji, kuma sau da yawa ƙungiyoyin waje ne ke ɗaukar nauyinta. Tsakanin yau da Janairu akwai isasshen lokacin da babban sakatare ɗaya zai sa hannu a wasiƙar izini, darakta ɗaya kuma ya nemo kuɗin mai daga abin da aka riga aka ware wa sa ido da tantancewa.